Ranar da Na Rufe wa Agali Ƙofa

Duk shekara ana turo mini ƴan sitaj su koyi aiki, masu sabuwar takardar makaranta da yatsu masu sauri, kuma ba a taɓa fashi ba, sai ɗaya ya leƙo ta bayan kafaɗata ya ce, "Tonton Sidi, wai aikin ke nan duka? A danna nan, a cire can?" I, aikin ke nan. Na yarda ko akuya aka zaunar aka koya wa, za ta iya dannawa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ku taɓa mini allo kafin ku ji abin da ke bayan dannawar. Don haka ku jawo kujera.

Ƙungiyar da nake wa aiki a nan Agadas tana gyaran pompo na rijiyoyi, tana kuma kai magani ƙauyukan da ke cikin Tenere har wajen Dirku. Takardunmu duka suna wuri guda a kan rezo, wato intanet, rumbu ɗaya da kowa ke shiga daga ordinater ɗinsa, wato kwamfuta, ko wayarsa. Ni ne mai rabon izini. Ni nake cewa wane zai karanta kawai, wane zai karanta ya gyara, wane kuma ba zai ma san dosiyen, wato jakar takardun, yana duniya ba. Akwai kuma jurnal, shafin da ke nuna mini wa ya shiga, yaushe, da abin da ya taɓa. Kayan aikina ke nan, sai tabarau da butar shayi.

Ba a kan na'ura na koyi sana'ar ba. A hannun Hajiya Zara na koye ta, zamanin da takardu ke cikin armuwar, kabad ɗin nan na ƙarfe, ni kuma ina ɗan buga dakatilo, injin rubutu, a kusurwa. Makullan a ƙulle suke a bakin mayafinta, kana jin ƙararsu kafin ka ga fuskarta. Aikin farko da ta ba ni, wani babban mutum ne ya shigo da rawani da ƙamshin turare, surukin shugaban ƙungiya na wancan lokacin, yana son a ba shi dosiyen wani ma'aikaci. Ta aike ni in yi masa tambaya ɗaya tak: me zai yi da shi? Na tsaya gaban dattijon nan gumi na bin bayana, na tambaya. Ya wanke ni tas, har da kakana da bai sani ba, ya kaɗa riga ya fita. Na dawo na same ta tana ɓare gyaɗa.

"Ya hwaɗa maka abin da za shi yi da shi?"

"A'a, Hajiya."

"To ba shi da aikin yi da shi. Ni ban ba girma makulli, Sidi. Aiki nika ba."

Har ta bar aiki ba ta taɓa bari na riƙe makullan duka a rana ɗaya ba, kuma a lokacin haushinta nake ji.

Da muka koma rumbun rezo, sai na gane makullin ƙarfe ya fi mutunci, don in ka ara wa wani, kai ka rasa shi. Kalmar sirri kuwa kana bayarwa tana hannunka, shi ya sa mutanenmu suke ararta kamar butar shayi. A garin nan in ɗan'uwanka ya ce ba ni, ka ce a'a, ka ɓata zumunci. Akwai wakilinmu na Dabaga, mutumin kirki, da zai tafi biki Ingal ya bar wa ɗan kawunsa waya, da kalmar sirri da komai. Ɗan kawu ya ga wuri ya cika, yana son ya zuba hotunan amarya, sai ya share wasu takardu da ya ga ba su da hoto. A tunaninsa daga wayar kawai ya cire su. Rahoton pompo na rijiyoyin lambuna ne na shekaru, ya ɓace wa kowa, har da na direkter. Na tsamo su daga kwandon shara na na'ura kafin su wuce, amma ranar ban iya cin tuwon rana ba. Tun daga nan ma'aikacin daji yana karanta na kowa, amma a nasa dosiyen kaɗai yake rubutu.

Abu biyu ke kayar da sababbi irinku. Na farko, izini gangarowa yake. In ka buɗe wa mutum babban dosiye, ka buɗe masa duk ƙananan da ke ciki, har waɗanda ba a ƙirƙira ba tukuna. Na biyu, rukuni. Sai ka ga suna ɗaya, "ƴan hanya", ka ba shi izini hankali kwance, ka manta mutane nawa ne ke ɓuye cikin wannan sunan. Ku riƙe waɗannan biyun, za ku ga inda suka shigo.

A cikin ƴan hanya babu kamar Agali. Shofer ne, wato direba, kuma jagora, dogo, ba ya son magana, ya san Tenere kamar yadda na san hanyar masallacin unguwarmu. Dosiyen hanya shi ya gina shi da hannunsa: ta inda ake ratsewa bayan an rabu da ayarin sojin da ke raka motoci, wace rijiya ke da ruwa a wane wata, da wuraren da muke binne tano na gazuwal da bido na ruwa, wato gangar man dizal da jarkar ruwa, don dawowa. Mun sha faɗa da shi kan abu biyu. Ba ya sa wa wayarsa makulli, wai a daji waya ta kowa ce, wanda ya kulle tasa ba a sake shan shayi da shi. Sannan a takardar tafiya akwai gurbin ranar tashi, shi kuma kullum fanko yake barinsa, sai ya dawo ya cike. Direkter ya yi magana, ni ma na yi.

"Malam Sidi," in ji shi, "ranar tahiya ba a rubuta ta, ba a tambaya tata. Ko mai ɗakina sai ta ga na ɗaure rawani taka sani."

Na ce masa wannan camfi ne. Ya yi murmushi, ya bar gurbin fanko.

Muguwar shekarar ta zo ne da zafi, gab da damina. Agali ya fita da makanisiye ɗaya, wato bakanike, duba wani pompo can gefen hanyar Dirku. Muna sa ran dawowarsu, shiru. Sai ga makanisiyen a bayan motar ƴan haƙar zinariya, leɓunansa sun tsage, shi kaɗai. Mutane masu bindiga ne suka tare su. Suka ajiye shi bakin wata rijiya da bido ɗaya, suka tafi da mota, da Agali, da wayar Agali a aljihunsa.

Kowa a biro, wato ofishinmu, ya yi kan makanisiyen da tambayoyi, ni kuwa na nufi ordinater. Na buɗe jurnal. Sunan Agali na nan. Bayan an kama shi, an shiga dosiyen hanya da wayarsa, ba sau ɗaya ba, an buɗe taswirar rijiyoyi, an buɗe shafin wuraren gazuwal. Jurnal ba ya faɗin inda mutum yake, iyakarsa ya ce wayar ta samu rezo. Ƙila Dirku, ƙila wani ramin zinariya, ƙila ma nan cikin Agadas, a rumfar da na wuce da safe. Daga ranar duk wanda na gani a kasuwa ya sunkuya kan waya, sai na bi hannunsa da kallo.

Ku da kuke cewa danna nan, cire can, na san abin da za ku ce: a rufe masa. Ni ma yatsana na kan wurin lokacin da direkter ya riƙe mini hannu.

"Dakata, Sidi. In wayar ce taka riƙe da ranshi fa? In suna ganin amfaninshi ne don tana buɗuwa?"

Jandarma ma da suka zo haka suka ce, a bar ta a buɗe, ita kaɗai ce alamar da ake da ita. To amma akwai wata tafiya a gaba da ba ta ɗaguwa. Pompon da Agali ya tafi dubawa bai gyaru ba, maganin zazzaɓi na jiran a kai kafin ruwa ya sauka, kuma mota za ta ɗauki sabon shofer da makanisiye da wata ma'aikaciyar jinya. In na rufe, ƙila na kashe Agali. In na bar shi yana gani, ƙila na miƙa waɗannan ga masu bindiga. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Ga abin da na yi, ku saurara, don aikin ke nan na gaskiya. Tsohon dosiyen hanya na bar shi yadda yake, tun da an riga an gan shi, sai dai na sauke Agali daga mai gyara zuwa mai karatu, kada a share ko a sauya wani abu a yaudare mu. Na janye shi daga sauran dosiyoyi a hankali, waɗanda mai riƙe da wayar bai taɓa buɗewa ba, don kada ya lura. Sabuwar hanya kuma na yi mata sabon dosiye a waje, nesa da tsohon, saboda izini gangarowa yake. Ban ba rukunin ƴan hanya ba, don Agali na cikinsa. Da suna na sa mutane, ɗaya bayan ɗaya, waɗanda za su hau motar da direkter kawai. Ni kaina na iya shiga, amma ban karanta ba.

Ba na'ura nake tsoro ba, hannun mutane nake tsoro, don hannu inda ya saba yake zuwa. Kuma sai da aka yi. Sabon shofer ya ɗauki hoton inda suka yi niyyar binne sabon gazuwal, ya jefa shi tsohon dosiye kamar yadda ya saba gani ana yi. Na dawo daga sallar azahar na tarar da hoton a zaune a can, tsirara. Na cire shi nan take, na duba jurnal, ba a buɗe ba. Na sake dubawa. Duk da haka na sa aka canza wurin, shofer yana ta ƙunƙuni wai tsohon nan ya cika tsoro. Na ce masa i, na cika, kuma shi ya sa ake biyana.

Ana cikin haka matar Agali ta fara zuwa. Mariyama sunanta, tana ɗinkin fata, irin jakunkunan nan masu tuntu. Wani ya gaya mata sunan mijinta na fitowa a injin Malam Sidi. Jurnal ba abin nuna wa bare ba ne, amma direkter ya ce a bar ta. Kowace safiya sai ta shimfiɗa ƴar tabarma bakin ƙofar birona, ta baje fata da basilla, mu gaisa, sannan ta ce, "Ya buɗe?" Ranar da na ce ya buɗe, sai ta yi hamdala, hannunta ya ƙara sauri. Ranar da na ce shiru, ta ce ƙila babu rezo inda yake. Na gaya mata gaskiya tun farko, cewa waya nake gani, ba mutum ba. Ta ce ta ji. Amma gobe ma tambayar ba ta canzawa.

Ita ce ta kawo shawarar da ban yi tunani ba.

"Malam Sidi, shi ba shi iya yi maka magana ta nan?"

"Na hana shi rubutu. Karatu kawai yaka yi."

"To buɗe mishi baki mana. Kun bar mutum da ido kun ɗaure mishi baki."

Na kai maganar ga direkter, ya kai ta ga jandarma, aka amince. Na yi farin shafi guda a cikin tsohon dosiye, na ba Agali izinin rubutu a kansa shi kaɗai, ban da sauran. A sama na rubuta: Agali, iyalinka na lafiya, rubuta mana. Na duba izinin nan ya fi a ƙirga, don kuskure ɗaya ya isa ya buɗe wa mai wayar abin da ban nufa ba.

Kwanaki suka wuce shafin fari fat. Ranar tashin motar na matsowa, ni ban san ta ba, amma ina ganin ana ɗaure kaya a tsakar gida. Rannan da hantsi, na zuba shayi ke nan, Mariyama na bakin ƙofa tana huda fata, sai na ga ƴar alama ta bayyana a kan farin shafin, da sunan Agali a jikinta. In mutum biyu suna kan shafi ɗaya, kana ganin rubutun ɗayan yana fitowa a lokacin da yake yinsa. Baƙi na farko ya fito, ya tsaya, na biyu ya biyo. Wani yana can, a wannan lokacin, yana kallon abin da nake kallo. Kofin shayin bai kai bakina ba.

Ta ga fuskata, ta taso ta tsaya bayana. Ba ta karanta boko.

"Mi ya ce? Karanta mini."

Na karanta yadda yake fitowa. "Ina lahiya."

Ta ɗaga hannu sama, ta fara addu'a. Rubutun bai tsaya ba. Na so in yi shiru, amma ta dafa kujerata, dole na ci gaba.

"Wace rana mota za ta tashi? Ta wace rijiya?"

Addu'ar ta yanke. Ta ce in sake karantawa, na sake. Ta ce akwai saura? Na ce babu. Alamar na nan a ƙarshen layi tana ƙyaftawa, ana jiran amsa. Na aika aka kira direkter, ya shigo da gudu, ya karanta, ya dafe kai.

"Bon," in ji shi, "mu ba su rana ta ƙarya. Mu ja su da magana, ko jandarma su samu abin kamawa."

"In sunka je ba su ga mota ba, wa za su huce a kai?" in ji Mariyama. Ba ta ɗaga murya ba. Ta juyo gare ni. "Malam Sidi, tun da anka ɗaura mana aure mutumin ga bai taɓa hwaɗa mini ranar tahiya ba, bai kuma taɓa tambayar ta wani ba. Kai ma ka sani."

"Na sani. Mun sha hwaɗa a kai."

"To in ba shi na ba, ruhe. In ko shi na, da bindiga bisa kanshi, ya zaɓi tambayar da ya san ba tashi ba ce don mu gane. Abin da yaka ce maka ke nan. Ruhe."

Direkter ya sake karanta layin. Ya dube ni, ya gyaɗa kai.

Danna nan, cire can, ko? Na shiga shafin izini. Sunansa na nan da ɗan hotonsa, rawani har hanci, wanda ni na ɗauke shi a tsakar gidan biro. Na cire shi daga rukunin ƴan hanya. Na cire shi daga tsohon dosiye. Na zo kan na ƙarshe, wanda zai fitar da wayar daga rumbun gaba ɗaya, sai ordinater ya tambaye ni da Faransanci ko na tabbata. Ban tabbata ba. Ina jin numfashin matar nan a bayana. Na yi bisimilla na danna. Alamar da ke ƙyaftawa ta ɓace.

Motar ta tashi ranar da ban sani ba, ta bi hanyar da ban karanta ba. An gyara pompo, an kai magani, duk waɗanda suka hau sun sauko da ƙafafunsu. Agali kuwa har yau ba labari, ba gawa, ba waya. Ban san ko dannawar nan ta taɓa ransa ba, kuma babu jurnal da zai gaya mini. Na dai cire gurbin ranar tashi daga takardar tafiya, babu wanda ya ce in mayar. Duk wanda zai fita daji yanzu, izininsa na dosiyen hanya yana mutuwa da kansa in ya ƙetare garin, sai ya dawo na gan shi da idona in sake buɗewa. Suna cewa Tonton Sidi ya cika wahalar da mutane. Ku ma za ku faɗa, ba komai.

Ranar dai, bayan direkter ya fita, Mariyama ta durƙusa ta tattara fatunta, ta soke basilla, ta naɗe tabarma. Ta kai bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Shi mai wayar, yana gani lokacin da ka ruhe?"

"Yana gani. Shahin zai ɓace daga gabanshi."

Ta gyara tabarmar a hammata.

"To," ta ce, "in Agali na, ya san mun ji."